Alois Alzheimer: Likitan da ya lura da matar da ta ɓace a cikin gidanta

Ranar 26 ga Nuwamban 1901, wani likita mai shekara 37 ya zauna gaban wata mata a asibitin masu taɓin hankali da masu farfaɗiya na birnin Frankfurt da ke ƙasar Jamus. Kwananta ɗaya a asibitin. Mijinta, ma'aikaci a hukumar jiragen ƙasa, shi ya kawo ta bayan abin ya fi ƙarfinsa a gida.

Sunan matar Auguste Deter, shekararta 51. Likitan kuma shi ne Alois Alzheimer, wanda a yau sunansa ya zama sunan cutar da ta fi kowace haddasa gigin tsufa a duniya.

Da zarar an ambaci cutar Alzheimer, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne mantuwa. Sai dai bayanan da likitan ya rubuta da hannunsa sun nuna cewa ba mantuwa kaɗai ta kai Auguste asibiti ba. Tun kafin a kawo ta, ta kai matsayin da ba ta iya gane hanya a cikin gidanta. Idan aka ba ta littafi, sai idonta ya zame daga wannan layi ya faɗa wani. Kuma duk wannan yana faruwa ne alhali ƙwayar idonta na amsa haske yadda ya kamata, tafiyarta ba tangarɗa, hannayenta na aiki.

An shafe shekaru masu yawa kafin masana su ba wannan ɓangare na labarin muhimmancin da ya dace. Yanzu bincike ya nuna cewa raunin gane wuri da auna tazara na iya bayyana tun kafin iyali su fara ƙorafin mantuwa. Wannan shi ne tarihin mutumin da ya fara rubuta alamar.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yunin 1864 a Marktbreit, wani ƙaramin gari a bakin kogin Main da ke yankin Bavaria. Mahaifinsa, Eduard Alzheimer, jami'i ne mai shaida takardun shari'a, iyalin kuma mabiya ɗariƙar Katolika ne.

Ya yi sakandare a garin Aschaffenburg inda ya kammala a 1883. Daga nan ya karanta likitanci a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. Kamar ɗaliban Jamus da yawa na wancan zamani, ya shiga ƙungiyar ɗalibai masu wasan takobi, ya kuma samu tabo a fuska da ya zauna masa har ƙarshen rayuwarsa.

Kundin da ya rubuta na kammala digiri a 1887 ba shi da alaƙa da ƙwaƙwalwa. A kan ƙananan gaɓoɓin da ke samar da dauɗar kunne ya yi shi. Amma aikin ya koya masa sana'ar da ya rayu a kanta: yanka tsoka siriri kamar fatar albasa, a rina ta, a ɗora a kan gilashi, a duba ta da madubin likita, sannan a zana abin da aka gani.

Bayan ya samu lasisin aiki a 1888, ya yi wata biyar yana rakiyar wata mata mai kuɗi da ke fama da taɓin hankali a tafiye-tafiyenta. A watan Disamban shekarar ne ya kama aiki a asibitin Frankfurt a ƙarƙashin shugabansa, Emil Sioli.

Rana a ɗakin majinyata, dare a gaban madubi

A lokacin, ɗaure masu taɓin hankali da kulle su shi ne abin da aka saba a wurare da dama. Sioli ya ɗauki wata hanya daban. Ya rage ɗauri da tilastawa, ya koma ga doguwar wanka da ruwan ɗumi don kwantar da hankalin majinyata, da barinsu su zagaya cikin lambu, da zama a yi hira da su. Alzheimer ya rungumi wannan tsari, kuma a nan ya koyi haƙurin sauraron mutumin da kowa ya daina sauraro.

A 1889 wani matashin likita, Franz Nissl, ya zo asibitin. Tun yana ɗalibi Nissl ya ƙirƙiro wata hanyar rina ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da har gobe ake kira da sunansa. Su biyun suka zama aminai. Da rana su duba marasa lafiya, da dare su duƙufa a kan madubi suna nazarin ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu.

Tambayar da ke gabansu ita ce: shin taɓin hankali yana barin sawu a cikin ƙwaƙwalwa da ido zai iya gani? Cutar da suka fi bincika ita ce haukan da tunjere ke jawowa idan ya daɗe a jiki, domin a wancan zamani, kafin a samu maganin fenisilin, masu wannan ciwo sun cika asibitocin Turai.

Ta sanadin wannan ƙwarewa ce ma ya samu matar aure. A farkon shekarun 1890, fitaccen likitan jijiyoyi Wilhelm Erb ya kira shi zuwa Aljeriya, inda wani attajiri ɗan Frankfurt, Otto Geisenheimer, ya kwanta rashin lafiya a kan hanyar tafiya. Attajirin bai tashi ba. A 1894 Alzheimer ya auri matar da ya bari, Cecilie. Suka haifi 'ya'ya uku: Gertrud da Hans da Maria.

Dukiyar Cecilie ta 'yanta shi daga dogaro da albashi. Sai dai zaman bai yi tsawo ba, domin ta rasu a watan Fabrairun 1901. 'Yar'uwarsa Elisabeth ce ta dawo gidan ta riƙe yaran, shi kuma ya ƙara nutsewa cikin aiki. Wata tara bayan wannan rashi aka kawo Auguste Deter.

Abin da ya gani a tattare da Auguste

An haifi Auguste a birnin Kassel a watan Mayun 1850. Matar gida ce mai 'ya ɗaya, kuma mijinta ya shaida cewa mace ce mai tsafta da ƙwazo kafin ciwon ya same ta.

Abin ya fara ne a watan Maris na 1901, lokacin da ta soma zargin mijin da neman wata maƙwabciyarsu ba gaira ba dalili. Sai ta fara kuskure a girki da lissafin kuɗin cefane. Ta riƙa kai-komo a cikin gida, tana ɗaukar kaya daga nan ta kai can, tana ɓoye su, tana buga ƙofofin maƙwabta. Wani lokaci ta ɗauka kashe ta za a yi, sai ta fasa ihu. Ɗakunan da ta saba da su suka zame mata baƙi.

Alzheimer ya yi kwanaki yana zama da ita, yana rubuta tambayarsa da amsarta kalma bayan kalma. Da ya tambayi sunanta ta faɗa daidai. Da ya tambayi sunan mijinta sai ta sake maimaita nata. Ya nuna mata fensir da alƙalami da jakar kuɗi da makulli da sigari, ta faɗi sunan kowanne, amma jim kaɗan ta manta an nuna mata komai. Tana cikin cin farin kabeji da nama ya tambaye ta abin da take ci, ta ce alayyafo.

Daga nan ya gwada ta da karatu da rubutu. A wurin karatu ta riƙa tsallakawa daga layi zuwa layi ba tare da ta ankara ba. A wurin rubutu kuma ya lura da yadda ta riƙe littafin, kamar wadda ba ta ganin abin da ke gefenta na dama. Ta fara rubuta sunanta ta kasa ƙarasawa, kuma a nan ne ta shaida masa cewa ji take kamar ta ɓatar da kanta.

A ɗakin majinyata ba ta san inda take ba, ba ta san ranar da ake ciki ba. Takan ja kayan shimfiɗarta tana yawo da su, takan shafa fuskokin sauran majinyata har su kai mata duka. Wani lokaci takan tarbi likitan kamar baƙon da ya zo gidanta, tana ba shi haƙuri cewa ba ta gama aiki ba.

Gigin tsufa ba sabon abu ba ne ga likitocin lokacin. Abin da ya ɗaure wa Alzheimer kai shi ne shekarunta, da saurin ciwon, da yadda ya haɗa mantuwa da rikicewar magana da rasa gane wuri a jikin mutum ɗaya.

Daga Frankfurt zuwa Munich

A 1903 Alzheimer ya bar Frankfurt ya koma wurin Emil Kraepelin, babban malamin likitancin ƙwaƙwalwa na Jamus a lokacin, da farko a Heidelberg, sannan a Munich cikin shekarar. Kraepelin ya damƙa masa ɗakin binciken ƙwaƙwalwa na sabon asibitin jami'ar. Ya yi shekaru yana aikin ba albashi, har yana sayen kayan bincike daga aljihunsa.

Ɗakin ya zama matattarar matasan likitoci daga ƙasashe daban-daban. Ɗalibansa sun riƙa tuna yadda yake bi teburi-teburi da tabarau a karan hanci da sigari a hannu, ya ajiye sigarin ya leƙa madubin ɗalibi ya manta da shi, har zuwa yamma a tarar da guntun sigari a gefen kusan kowane madubi.

Cikin waɗanda suka yi aiki a wurin akwai Solomon Carter Fuller, wanda aka haifa a Monrobiya ta Laberiya a 1872, jikan bayin da suka 'yantu a Amurka suka dawo Afirka. Fuller ya zauna a Munich daga 1904 zuwa 1905, ya koma Amurka, kuma a 1912 ya wallafa ɗaya daga cikin bayanai na farko a kan cutar da harshen Ingilishi. Akwai kuma Friedrich Lewy, wanda za mu sake cin karo da sunansa a gaba.

Duk da nisa, Alzheimer bai manta da Auguste ba. Da kuɗin jinya suka yi wa mijinta yawa har ya nemi a mayar da ita wani asibiti mai rahusa, Alzheimer ya sa baki aka bar ta a Frankfurt. Ta ci gaba da lalacewa har ta daina magana, ta koma kwance a duƙunƙune. Ta rasu ranar 8 ga Afrilun 1906 sakamakon gubar da ta shiga jininta daga gyambon kwanciya, saura 'yan makonni ta cika shekara 56.

Sioli ya aika wa Alzheimer ƙwaƙwalwarta da fayil ɗinta zuwa Munich. Ya tarar ƙwaƙwalwar ta tsuke. Da ya rina yankakkun sassanta da wani sabon rini na azurfa da Max Bielschowsky ya ƙirƙiro, sai abu biyu suka bayyana. Na farko, wasu ƙananan curi-curi da suka bazu a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu, wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu, har a wasu wuraren ƙwayar ta mutu ta bar kullin zaren kaɗai. Ya zana su da hannunsa. Har yau waɗannan abubuwa biyu su ne shaidar cutar.

Jawabin da ba wanda ya tanka

Ranar 3 ga Nuwamban 1906, Alzheimer ya gabatar da bincikensa a taro na 37 na likitocin ƙwaƙwalwa na kudu maso yammacin Jamus da aka yi a Tübingen. Da ya gama, shugaban zaman ya buɗe fili don tambayoyi. Babu wanda ya ɗaga hannu. Hankalin mahalarta ya fi karkata ga muhawarar da ake yi a lokacin kan ra'ayoyin Sigmund Freud.

A 1907 aka buga jawabin a wata mujallar likitoci, 'yan shafuka ƙalilan. Alzheimer ya sa abokan aikinsa 'yan Italiya, Gaetano Perusini da Francesco Bonfiglio, suka nemo ƙarin masu irin wannan ciwo suka rubuta a kansu.

Ba shi kaɗai ke wannan nema ba. A birnin Prague, Oskar Fischer ya wallafa bayani a 1907 kan irin waɗannan curi-curi a ƙwaƙwalwar tsofaffi masu gigin tsufa. Shugaban Fischer ɗin, Arnold Pick, tun a 1902 ya yi rubutu kan wata baƙuwar matsalar gani a tsakanin masu gigin tsufa, inda mutum ke ganin abu amma ya kasa gane inda yake balle ya kai hannu gare shi. Fischer, wanda Bayahude ne, ya mutu a hannun 'yan Nazi a Theresienstadt a 1942, sunansa kuma ya daɗe a ɓoye.

Kraepelin ne ya raɗa wa cutar sunan Alzheimer a bugu na takwas na littafinsa na koyar da likitancin ƙwaƙwalwa, wanda ya fito a 1910. Shi kansa mai sunan bai yi gaggawar ɗaukar abin a matsayin sabuwar cuta ba. A rubutun da ya yi a 1911 kan wani lebura mai shekara 56 da aka sani da Johann F., ya bar ƙofa a buɗe cewa wataƙila gigin tsufa ne da ya zo da wuri kuma da tsanani.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1912 aka naɗa shi farfesa kuma shugaban asibitin ƙwaƙwalwa na jami'ar Breslau, birnin da yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Foland. Matsayin da ya daɗe yana buri ke nan. Amma a cikin jirgin ƙasa, a kan hanyarsa ta zuwa kama aiki, ciwo ya kama shi, kuma ya taɓa masa zuciya. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, aka kwashe likitoci zuwa fagen daga, aiki ya yi masa yawa. A 1915 ya aurar da 'yarsa Gertrud ga wani likita abokin aikinsa, Georg Stertz. Kafin ƙarshen shekarar ƙodarsa ta gaza.

Ya rasu ranar 19 ga Disamban 1915 yana da shekara 51, daidai shekarun Auguste a ranar da ya fara ganinta. An binne shi a babbar maƙabartar Frankfurt kusa da matarsa Cecilie. Waɗanda suka yi ta'aziyyarsa a rubuce sun fi yabon aikinsa a kan haukan tunjere fiye da cutar da ke ɗauke da sunansa.

Ido na gani, ƙwaƙwalwa na aunawa

An yi kusan shekara sittin ana ɗaukar cutar Alzheimer a matsayin wani ciwo da ba kasafai ake gani ba, mai kama 'yan ƙasa da shekara 65. Sai a 1976 wani likita a Amurka, Robert Katzman, ya ja hankalin duniya cewa ita ce dai ke bayan mafi yawan gigin tsufa. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuma cutar Alzheimer ce sanadi, sannan fiye da rabinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Da cutar ta yi suna, sai ta yi shi a matsayin cutar mantuwa. Ɓangaren gani da gane wuri ya koma gefe, har sai da wasu bincike suka dawo da shi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ilimin likita, ba idon ne ke sanin ƙimar ba. Aikin ido ɗaukar hoto ne kawai. Sassan baya da na saman ƙwaƙwalwa su ne ke auna nisan abu, da gefen da yake, da yadda hannu zai kai gare shi. Wani sashe kuma da ke can ciki, daura da kunne, shi ke riƙe taswirar wuraren da mutum ya sani.

A 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa akwai ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera da ke motsawa kawai idan ya isa wani takamaiman wuri. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser na ƙasar Norway suka gano wasu ƙwayoyin da ke auna tazara yayin tafiya. Su ukun sun samu kyautar Nobel a 2014. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1991, Heiko Braak da Eva Braak, waɗanda ke aiki a Frankfurt ɗin da Auguste ta yi jinya, sun nuna cewa zaruruwan da Alzheimer ya zana sukan fara taruwa ne a wannan yanki mai riƙe taswira. Ke nan akwai dalilin da ya sa ɓata hanya ke zuwa da wuri.

A 1988 likita Frank Benson da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani nau'in ciwon da ke fara cin bayan ƙwaƙwalwa, wanda ake taƙaita sunansa da PCA. Mai shi yakan daɗe da tunaninsa garau, amma karatu ya gagare shi, ya kasa auna matakala, ya yi ta sauya tabarau ba biyan buƙata. Shi ne ya kama marubucin Birtaniya Terry Pratchett, wanda ya sanar da ciwonsa a 2007 ya rasu a 2015. Haka kuma nau'in gigin tsufa da ke ɗauke da sunan Lewy, ɗalibin Alzheimer, yakan fara ne da matsalar auna wuri da gane-gane kafin mantuwa ta yi ƙarfi.

A 2009 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka wallafa sakamakon bibiyar tsofaffi 444 na tsawon shekaru. A cikin waɗanda daga baya aka tabbatar suna da cutar, basirar gane siffa da wuri ta fara faɗuwa ne kimanin shekara uku kafin a gano ciwon, ita kuwa faɗuwar riƙe kalmomi sai kimanin shekara ɗaya kafin nan.

Shi ya sa likitoci ke sa tsoho ya zana fuskar agogo ya sa hannayensa a ƙarfe 11 da minti 10, ko ya kwaikwayi zanen siffofi biyu da suka shiga juna. Da yake wannan gwaji na iya zaluntar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, likitoci a Ibadan tare da takwarorinsu na Indianapolis a Amurka sun fito da wani a 2005. Da tsinken ashana huɗu ake yinsa: likita ya jera su a wata siffa, tsoho ya kwaikwaya, har da gefen da kan ashanar ke kallo.

Abin lura ga masu tsofaffi a gida

Alamomin ba sa zuwa da hayaniya. Dattijo ya zuba shayi a gefen kofi. Ya ɗaga ƙafa sama da ƙima a bakin ƙofa, ko ya yi tuntuɓe da dokin ƙofar da ya shekara yana tsallakawa. Ya juya riga ya rasa ina wuya ina hannu. Direban da ya ƙware ya fara gogar bango wajen ajiye mota. Tsohuwa ta nemi ludayin da ke gabanta ta rasa. Mutum ya fito daga masallacin unguwarsu ko kasuwar da ya saba, ya tsaya yana waige-waige.

Ɗaya daga cikin waɗannan, sau ɗaya, ba hujja ba ce. Matakin farko shi ne asibitin ido, domin yanar ido da hawan jinin ido sun fi yawa, kuma ana iya yi musu wani abu. Amma idan likitan ido ya ce ido lafiya, ko an sauya tabarau matsalar na nan tana ƙaruwa, to lokaci ya yi da za a ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. Duk da haka zuwa da wuri na da amfani. Wasu abubuwan da ke kama da ita, kamar ƙarancin sinadarin B12, da matsalar maƙoƙo, da illar wasu magunguna, ana magance su. Kula da hawan jini da ciwon suga na rage ɓarnar da ke samun jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Iyali kuma za su samu damar gyara gida, su ƙara haske, su daina sauya wa kaya wuri, su karɓi makullin mota cikin mutunci, su tabbatar tsohon ba ya fita shi kaɗai. Sanin cewa ciwo ne yana kuma kare tsohuwar da aka tsinta tana yawo a wata unguwa daga zargin maita da dukan jama'a.

A watan Disamban 1995, shekara 80 bayan rasuwar Alzheimer, Konrad Maurer da abokan aikinsa suka gano fayil ɗin Auguste a ma'ajiyar asibitin jami'ar Frankfurt, bayan an daɗe ana nemansa. Shafi 32 ne a cikin wani shuɗin bango. Ba da jimawa ba aka gano gilasan ƙwaƙwalwarta a Munich, aka sake duba su da na'urorin zamani, aka tarar da curi-curin da zaruruwan kamar yadda ya zana.

A cikin fayil ɗin akwai hotunanta, da tambayoyin likitan da amsoshinta, da takardar da ta yi ta ƙoƙarin rubuta sunanta a kai. A nan ne kuma, da rubutun hannun Alzheimer, aka ga bayanin yadda ta karkata littafin gefe guda tana neman inda za ta ɗora alƙalami.